Kujera Ta Sha Huɗu

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya ara mana rai kuma yake karɓar abinsa a lokacin da ya so.

Ranka ya daɗe wakilin gwamnati, shugaban kwamitin biyan diyya, mun gode da ka amsa gayyatarmu ka zauna a kan bencin tasha kamar kowa. Malamanmu na addini, Allah ya ƙara muku lafiya. Shugaban ƙungiyar direbobi da dattawan tasha, ina gaishe ku. Yaya, matar marigayi, da ku 'ya'yansa, sannunku da haƙuri. Iyalan waɗanda aka kashe a harin da aka kai wannan tasha shekara shida da suka wuce, sannunku da zuwa. Direbobi, 'yan kamasho, masu dako, masu shara, da duk wanda ya rufe shagonsa ya zo, assalamu alaikum.

Ni ba ɗan tasha ba ne. Tsohon malamin makaranta ne ni, kuma da yawanku ba ku san ni da wani suna ba sai wanda kuka laƙaba mini bayan harin, wato Malam Makararre, mutumin da ya biya kujera a motar da ta ƙone amma ya makara bai shiga ba. A nan akwai waɗanda suka yi shekara talatin suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Akawu, sun fi ni cancantar tsayawa a wurin nan. Na faɗa wa Yaya haka ranar da ta aiko kirana. Sai ta ce mini, “Malam, ba ni na zaɓe ka ba. Shi ya ce kai za ka yi magana. Ya ce in ka ƙi, in ce maka ka san dalili.” Na san dalilin, kuma kafin in sauka daga nan ku ma za ku sani. Amma bari mu fara da mutumin da ya tara mu.

Ya kasance akawun wannan tasha tun kafin a yi mata rufin kwano. Ga teburinsa can inda yake, ba wanda ya iya matsar da shi, da ƙafarsa ɗaya gajera wadda ya tokare da murfin kwalba. Ga zaren da yake ɗaure bironsa da shi, domin a cewarsa direba zai iya riƙe maka amanar mota sukutum amma ba zai iya riƙe amanar biro ba. Aikinsa shi ne rubuta sunan kowane fasinja a littafi, layi ɗaya kujera ɗaya, da inda za shi, da wanda za a nema in wani abu ya faru. Mu fasinjoji mun sha jin haushinsa. Kana sauri, shi kuwa sai ya ɗora rula ya ja layi, ya tambaye ka sunan mahaifinka, ya sake tambaya don ya tabbata.

Ya kasance mutum mai doka biyu da duk tasha ta sani. Ta farko, mota ba ta fita da kujera babu kowa, ko da za a wuni ana jira. Ta biyu ya gaje ta ne daga akawun da ya koya masa aiki: ba a soke sunan matafiyi matuƙar mota ba ta fita ƙofa ba. In fasinja ya fasa tafiya ya bar wa wani kujerarsa, Akawu yakan riƙe abin a ka, sai ya ga bayan motar ya wuce ƙofa, sannan ya ɗauki rula ya soke wancan ya rubuta wannan. Yana ganin jan layi a kan sunan mutumin da ke tsaye a gabanka kamar jawo masa abu ne. Direbobi sukan tsokane shi, “Akawu, wannan hukuncin a wane littafi ka gan shi?” Sai ya buga tafin hannu a kan tebur ya ce, “A wannan da ke gabana.” Shekara da shekaru ana dariya, kuma dokar ba ta taɓa cutar da kowa ba sai rana ɗaya.

Ba sai na ba ku labarin ranar ba. Da safe ne, tara saura. Mota mai kujera goma sha takwas ta cika, an ɗaure kaya, ta doshi ƙofa, kuma a cikin kayan akwai jakar da wani la'ananne ya ɗora ya sulale. Motar ba ta kai ƙofa ba. Wutar da ta biyo baya ba ta bar abin da za a ƙirga ba, an haɗa abin da aka samu aka binne wuri ɗaya. Abin da ya rage da zai ce wane da wane ne a ciki, littafin Akawu ne. An tsince shi a ƙarƙashin ƙirjinsa, ya kife a kansa. Shi kuma ya farka a asibiti babu yatsu biyu na hannun dama, kunnensa na dama ya daina ji, sai wani kuka da yake yi masa a ciki har ranar da ya koma ga Allah.

Ya kasance, bayan haka, ƙafar waɗanda ba su san hanyar ofis ba. Da aka kafa kwamitin diyya aka fito da takardun cikewa, yawancin iyalan nan ba su san ta inda ake kama su ba. Akawu ya koyi rubutu da hannun hagu yana ɗan shekara hamsin da takwas, rubutu karkatacce kamar na 'yan ajina na farko, ya zauna a wancan teburi yana cike wa mutane takarda, bai taɓa karɓar ko ruwan sha ba. Mun gan shi yana raka tsohuwa hawa na uku na ofishin kwamitin, tana hutawa a kowane bene yana jiranta. Mun gan shi a bakin tagar ofis yana juyo da kunnen hagu yana cewa, “Maimaita, ɗana, wancan kunnen ya riga ni tafiya.” An ce su dawo mako mai zuwa, sun dawo. An ce hoton ya yi duhu, ya kai su an sake. An ce fayil ya ɓace, sai ya zaro kwafe daga jakarsa, domin Akawu bai taɓa miƙa takarda ba tare da ya ajiye 'yar'uwarta ba.

Ranka ya daɗe, gaskiya a faɗe ta: an biya. An kai ruwa rana, an ɗauki shekara huɗu, wasu tsofaffin sun rasu suna jira, amma a cikin fasinjoji gidaje goma sha bakwai sun karɓi haƙƙinsu, kuma muna godiya. Babu wanda ke nan da yake tsammanin an biya shi ran ɗansa. Abin da mutanen nan suka je nema hawa na uku shi ne gwamnati ta sa hatiminta ta ce: mun san wane ya rayu, mun san ya fito neman halalinsa, mun san an kashe shi a wurin da ya kamata mu tsare. Kuɗin yana sa yara a makaranta, yana gyara rufi, ba mu raina ba. Amma takardar ce take sa uwa ta iya barci. To idan haka ne, gidan da aka tsallake an kashe musu mutum sau biyu ke nan.

Akwai gida ɗaya da aka tsallake, kuma sanarwarku ta ce ƙarshen watan nan za a rufe fayil ɗin gaba ɗaya.

Kun tuna Mai Makulli, wanda yake yanka makullai a gindin bangon can, kusa da famfo. Ranar harin ya fito daga gida da jakarsa cike da makullan da ba a yanka ba, zai kai kasuwar wani gari. Matarsa ta raka shi bakin ƙofar gida. Tun daga ranar ba a sake ganinsa ba. Akawu ya gaya wa kwamiti tun yana kan gadon asibiti cewa Mai Makulli ne a kujera ta sha huɗu. Aka buɗe littafi, aka ga layi na sha huɗu sunana ne, ba a soke ba, ga ni kuma da raina. Ya yi musu bayanin dokarsa, suka dubi juna. Ya ce musu motar tasha ba ta tashi da kujera babu kowa, amma waɗanda yake yi wa bayanin ba a tasha suke hawa mota ba. Suka ce doka tana son shaidu biyu da suka gani da ido. Direba ya mutu, masu ɗaurin kaya sun mutu, fasinjoji sun mutu. Shaida ɗaya ya rage, Akawu, shi ma wanda ƙarfe ya buga a ka. Rahoto ya fito: fasinja goma sha bakwai, kujera ɗaya babu kowa.

Matar Mai Makulli tana nan tare da mu, can baya kusa da ƙofa, inda take zama kullum in an yi irin wannan taro, don ba ta san ko tana cikin masu makoki ba. Ba a yi mata zaman gaisuwa ba. Dangin mijinta sun ce a jira. Masu surutu sun ce ai dama ya samu ya gudu ya bar ta da 'ya'ya uku, wasu har sun ce an gan shi a wani gari da wata. Makullin ƙofar gidanta ya lalace shekara biyu ke nan, tana tokare ƙofar da kujera, ta ƙi a canza shi, wai kada ya dawo nasa ya ƙi buɗewa.

Akawu ya kasance mutumin da ya ƙi sa hannu. Shi ma yana da tasa diyyar, ta yatsu da kunne, kuma an amince masa tun da wuri. Sharaɗi ɗaya ne, a matsayinsa na mai littafi ya sa hannu a ƙarƙashin rahoton da ya ce goma sha bakwai. Ma'aikacin ofishin, mutumin kirki ne, ya ce masa, “Baba, sa hannu kawai ka karɓi naka, wancan maganar a ci gaba da binta.” Akawu ya ɗaga hannun hagu ya ce, “Ɗana, wannan kaɗai ya rage mini mai lafiya. Ba zan ɗora shi a kan ƙarya ba.” Sau biyar ana kawo masa takardar, sau biyar yana mayarwa.

Yaya, ke kika biya wannan taurin kai, mun sani. Mun san keken ɗinkinki bai fita daga gida don ya tsufa ba. Mun san ƙaramarku ta zauna shekara guda ba makaranta. Kin gaya mini ranar da kika gaji kika ce masa, “Malam, 'ya'yan Mai Makulli kaɗai ne 'ya'ya?” Sai ya ce, “Naki sun san inda ubansu yake.” Kika ce daga ranar ba ki sake tayar da maganar ba, amma ba ki daina jin zafinta ba. Ba wanda zai ga laifinki. Ku kuma 'ya'yansa, kada wani ya ce muku mahaifinku ya bar ku hannu wofi saboda wauta. Ya san abin da yake yi, kuma yana kwana da nauyinsa.

Ku masu shara, kun san abin da ƙasar wajen ƙofa take yi da damina. Duk ruwan da aka yi mai ƙarfi sai ta fito da makullai, baƙaƙe, wasu a lanƙwashe, babu haƙori ko ɗaya a jikinsu. An zuba tsakuwa, an daddaɓe, ba su daina fitowa ba. Akawu yakan fito bayan ruwa ya ɗauke, ya sunkuya yana tsinta yana zubawa a gwangwanin madara. Ya kai wa kwamiti, aka ce masa makulli kaya ne, ba mutum ba, wataƙila saƙo aka bayar. Ya dawo da gwangwaninsa. Abin da ba ku sani ba shi ne inda yake kai su daga baya.

Gidana yake kai su. Asabar ɗin farko ta kowane wata, da hantsi, sai in ji sallamarsa. Ya zauna a kujerar da ke bakin taga, mu gaisa, ya tambayi gwiwata, in tambayi kunnensa, ya sha ruwa. In zai tashi sai ya ajiye makulli ɗaya a kan tebur, ya ce, “To, Malam, sai wani watan.” Bai taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba. Mai ɗakina ta tambaye ni, “Wai makullin me wannan bawan Allah yake kawo maka?” Na ce mata ai tun harin kansa ba daidai yake ba. Haka na ce game da shi, Allah ya yafe mini. Ina zuba su a aljihun tebur, in rufe. Duk sanda wani ya taɓa teburin sai su yi ƙara.

Jama'a, ban makara ba.

Na zo da wuri ranar. Akawu ya rubuta sunana a layi na sha huɗu, na shiga mota na zauna, an ɗora jakata a sama. Kujera ta sha huɗu ita ce wadda ke kan taya, inda mutum yake naɗe ƙafa kamar ɗan maraƙi a kwando, ni kuma ga ciwon gwiwa. Ina zaune ina ƙunƙuni sai ga Mai Makulli da gudu, mota ta cika, yana roƙo ko akwai mai taimaka masa, in ya jira ta gaba wani zai kama masa wuri a kasuwa. Na ce ya zo ya karɓi tawa. Kada ku ɗauka alheri na yi. Na ga mota ta gaba babu kowa, na ƙyalla ido a kan kujerar gaba, shi ke nan. Na sa aka sauko mini da jakata. Na ce, “Akawu, ka canza suna.” Ya ce, “Bari ta fita tukuna, Malam, ka san doka.” Mai Makulli ya leƙo ta taga da jakarsa a cinya, yana dariya, ya ce, “Malam, ka gama mini komai. Allah ya saka maka.” Na ɗaga masa hannu, na tsallaka titi zuwa shagon magani in sayi man shafawa. Ina miƙa hannu zan karɓa gilashin shagon ya zubo a kaina.

Da yammacin ranar aka fara cewa ana neman mutumin da ya ɗora jaka ya sauka. Kun tuna yadda kwanakin suka kasance. An kwashi mutane a kan abin da bai kai wannan ba, wasu sai bayan watanni suka dawo, wasu sun dawo ba yadda suka tafi ba. Ni kuwa na shiga motar, na sauka, an ga ana taɓa jaka a sama saboda ni. Da masu bincike suka zo gidana sai na ji bakina yana cewa na rubuta suna na tafi sayen magani, na makara, ban ga komai ba. Akawu ya san inda nake tsaye da abin da na gani. Da suka tambaye shi game da ni, abin da ya ce kawai shi ne, “Malam yana da bakinsa.” Ya rufa mini asiri, kuma rufin asirin nan ne ya hana shi shaida na biyu.

Shekarar farko tsoro ne ya riƙe ni. Sauran biyar ɗin kunya ce. An kama waɗanda suka yi abin, an daina neman kowa, ni kuma na riga na zama Malam Makararre, ana nuna ni ana cewa ga mai sauran kwana, ana gayyata ta taro in yi magana a kan ikon Allah. Na sha wuce matar Mai Makulli a hanya in gaishe ta, ta amsa da ladabi, “Lafiya lau, Malam.” Tun ranar harin ban sake shiga motar haya ba, na ce wa mutane gwiwa ce. Ba gwiwa ba ce. Kowace mota ta wuce ni da tagarta a buɗe, fuskar Mai Makulli nake gani yana yi mini godiya, da rana tsaka, idona biyu.

Watan jiya Akawu bai zo ba. Na zauna tun hantsi ina kallon kujerar bakin taga, har na ji wani sauƙi a raina, kuma wannan sauƙin shi ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin. Kwana uku bayan haka aka aiko mini ya rasu.

Ga makullan nan, na kawo su. Shugaba, a ba ni wuri a kan teburinsa. Sittin da tara ne, ban yar da ko ɗaya ba.

Ranka ya daɗe, kun ce shaidu biyu. Na farko ya ba ku tasa a rubuce, sau da yawa, da hannun hagu. Ga na biyu. Ni na zauna a kujera ta sha huɗu, ni na tashi, Mai Makulli ya zauna, na gan shi da idona a ciki lokacin da motar ta doshi ƙofa. Na faɗa a gaban Allah da gaban mutanen nan, kuma gobe ƙarfe takwas ina bakin tagar hawa na uku in faɗa a gaban lauyanku. In doka tana da hukunci a kan wanda ya yi wa masu bincike ƙarya, gidana ba ɓoyayye ba ne. Abin da muke roƙo, mu duka, kada a rufe fayil ɗin nan a kan goma sha bakwai. In aka gyara adadin, babu sauran abin da ya hana Akawu sa hannu sai mutuwa, kuma wannan bai kamata ya hana Yaya haƙƙinta ba.

Ƙanwata da ke can bakin ƙofa, ban isa in ce ki yafe mini ba, kuma ba yau zan nema ba. Abin da ya kamata in zo in gaya miki tun shekara shida shi zan gaya miki yanzu. Mijinki bai gudu ba. Bai bar ku ba. Yana sauri ne ya kama wuri a kasuwa, kuma yana dariya lokacin da na gan shi na ƙarshe. Ya rasu. Allah ya ji ƙansa, Allah ya ba ki haƙuri. Don Allah a matsa mata, ta dawo gaba ta zauna tare da sauran iyalai.

Littafin yana hannunku, ranka ya daɗe. Akawu ya ce sai mota ta fita ƙofa zai gyara, kuma shekara shida ke nan tana tsaye a bakin ƙofar nan da mutanenta a ciki. Ku ɗauki rula ku soke sunana, na yarda, ina tsaye a gabanku. Ku rubuta nasa, su samu su tafi.

Na gode wa ƙungiyar direbobi da ta shirya wannan zama, na gode wa Yaya da ta isar da saƙo kamar yadda aka ba ta, na gode muku da kuka saurare ni har ƙarshe ba ku tashi ba.

Ya Allah, ka ji ƙan Akawu, ka yafe masa kurakuransa, ka kashe masa kukan nan da ke cikin kunnensa, ka ba shi hutu. Ka riƙe iyalinsa, ka buɗa musu. Ka sanya adalci a zukatan waɗanda ka ba hatimi. Ka tsare matafiya, masu fita da masu dawowa. Ka ji ƙan direba da ma'aikatan tasha da suka tafi ranar nan, ka ji ƙan fasinjojin motar, su goma sha takwas. Amin.